Ranar da Tubabbiya Ta Zo Ɗaukar Lemarta

Sunan da iyayenta suka raɗa mata ya daɗe da ɓacewa a gidan rediyon da muke aiki. Tun daga mai gadi har manaja, Tubabbiya kowa ke ce mata, kuma ba don ta taɓa yin wani abin tuba ba. Aikinta ke nan. Ita ce babbar 'yar wasan kwaikwayonmu, kuma duk wasan da aka sa ta a ciki, ƙarshensa sai ta durƙusa gaban wani namiji ta ce ta tuba. Ta tuba tana malamar makaranta, ta tuba tana ma'aikaciyar jinya, ta tuba tana mai shagon ɗinki. Akwai shekarar da ta tuba tana lauya. Wannan kam har ni na ƙosa in ji me ta aikata, ashe laifinta shi ne ta ci shari'a a kotu ranar da mijinta ya nemi safarsa ya rasa.

Ni Mai Ƙofa ake ce min, don ni ce mai sautuka. In ka ji an buɗe ƙofa a wasa, ni ce da wata 'yar ƙofar katako da aka kafa a jikin akwati. In an yi ruwan sama, ni ce ke zazzaga yashi a kan faranti. Gobara leda ce nake murzawa kusa da makirufo. Tashin tsuntsaye wata tsohuwar lema ce nake buɗewa ina rufewa. Taku kuwa, takalma nake sa wa hannuwana in yi ta tafiya a cikin tiren tsakuwa ina zaune. Mari jiƙaƙƙen silifa ne a kan tebur. Saboda haka in ana neman wanda ya ga rayuwar Tubabbiya ta kusa, a fara da ni. A gabana shagunanta suka ƙone, a gabana motoci suka kaɗe ta, kuma motocin duk bakina ne a cikin gwangwani.

Yadda ta shigo aikin ma abin takaici ne. Mijinta ne ya rasu ya bar ta da 'ya a goye. Ta zo tasharmu ba da sanarwar rasuwa, tana cikin faɗa wa mai karɓar sanarwa sai kuka ya ƙwace mata. Marubucin wasanninmu, wanda kuma shi ke shirya su, yana ofishinsa ya jiyo. Ya fito da sauri, kowa ya zaci gaisuwa zai yi mata. Sai ya tsaya ya karkata kai yana saurare, sannan ya ce, "Baiwar Allah, za ki iya maimaita wannan kukan ranar Talata?"

Ta iya. Tana da bakin da za ta ciyar, dole ta iya.

Wannan ne kukan gaske na ƙarshe da na gani a fuskarta. Daga nan duk na aiki ne. Na sha ganinta tana rusa kukan da zai sa ka kasa cin abinci, alhali hannunta na ɓare lemo a ƙarƙashin tebur. Jar fitilar ɗakin ɗauka na mutuwa, za ta share hanci ta ce, "Mai Ƙofa, kin ci sauran lemona ko?" A waje kuwa mace ce da ba ta jiran kowa. Ita ke hawa tsani ta gyara kwanon ɗakinta in yana yoyo. Ita ta riƙe 'yarta ita kaɗai har ta gama makaranta. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa wani abu ba in ba neman allurar da ta faɗi ba.

Shi Marubuci, a ba shi haƙƙinsa, ya iya fara labari. Zai ɗauko mace ya ba ta kai, ya ba ta baki, ya ba ta sana'a, har ka ji kana son ka san ta. Mata sukan bar wanki su zauna saurare. Sai ya bar ta ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, yana kiwonta yadda ake kiwon kazar da aka riga aka san ranar yankanta. Da wasa ya doshi ƙarshe sai ya aiko min da saƙo in tanadi leda ko gwangwani. Mutum ne mai labarai da yawa da ƙarshe guda ɗaya. Mata sun sha bugo waya suna roƙo a bar musu ko ɗaya ta tsira. Sai ya yi murmushi ya ce darasi ne, tarbiyya ce. Mazan wasanninsa kuwa suna ƙarya, suna yawo, suna zagi, amma ba a taɓa ce min in tanadi gwangwani don ɗayansu ba. Iyakar hukuncinsu su yi ajiyar zuciya su ce sun yafe.

Tubabbiya takan yi masa ƙorafi cikin wasa. "Malam, wai ba za a bar ko ɗaya ta kai ritaya ba?"

"Ritaya ba ta sa mutane kuka," in ji shi. Sai a yi dariya a wuce. Ita ma ta yi, ta karɓi takardarta, ta je ta tuba.

'Yarta ta girma ta koyi aikin tabarau. Wurin aikinta wani shago ne a bakin babban titi, bango guda duk firam ɗin tabarau ne a jere, ga allo mai haruffa manya a sama suna ƙanƙancewa har ƙasa, can ciki kuma injin yankan gilashi yana ƙugi yana tsiyayar da ruwa. Ita ke gwada ido, ita ke yanka. Mai shagon ya tsufa, har mabuɗi ya danƙa mata. Mukan kira ta Mai Tabarau. Ta auri wani ma'aikacin tashar mota wanda kafin aure ya rantse bai ga laifin aikin mace ba. Bayan aure sai idonsa ya buɗe, ba tare da tabarau ba, ya fara ganin laifin ko'ina.

Ana nan sai idon Marubuci ya fara rauni, yana karanta rubutunsa da hanci. Tubabbiya, don kirki, ta ce ya je wurin 'yarta. Ya je. Yarinya ta karɓe shi kamar uba, ta ba shi kujera, ta gwada shi a tsanake. Shi kuma ya yi ta tambaya: yaya injin ke aiki, yaushe take tashi, wa ke dafa wa maigida in ta makara, wannan tabon na hannunta fa. Ta zaci sha'awar aikin yake yi, ta yi ta ba shi amsa.

Da aka raba mana takardun sabon wasa, sai ga jarumar tana yanka gilashin tabarau a wani shago a bakin babban titi. Har tabon hannun yana ciki.

Ba a yi nisa da fara watsa shi ba kowa ya gane. Masu zuwa shago suna gwada firam suna tambayarta, "Ke ce ta rediyo ko?" Ta yi ta dariyar dole. Wasa ya ci gaba, jaruma ta yi suna, mijinta ya ce ta bar aikin ta ƙi, ya ce to ta bar masa gida. Daga nan Marubuci ya sa tsinin gilashi ya faɗa mata a ido. Ni na yi sautin, cokali da kofin shayi, ina yi ina tsine wa cokalin a zuci.

Wata rana da rana tsaka, ana saura kaɗan a kai ƙarshe, Mai Tabarau ta zo tasha. Ta same mu a ɗan lungun da nake ajiye kayana, muna shan shayi tsakanin tiren tsakuwa da buhun leda. Ba ta zauna ba. Ta ciro waya ta ce, "Mama, saurari wannan."

Sai ga muryar Tubabbiya daga wani tsohon wasa, tana shessheƙa: "Na tuba, maigida. Mace ba ta da aikin da ya wuce ɗakinta. Na bi son zuciya, ga shi duniya ta koya min hankali."

"Kullum da safe sai mijina ya turo min shi," in ji yarinyar. "Ya kuma mai da shi sautin kirana a wayarsa. In na kira shi yana cikin abokansa, sai kin gama tuba sannan ya ɗauka."

Na ce, "Aƙalla yana da kunne, wannan kukan yana cikin masu kyau." Ba wanda ya yi dariya. Na mai da bakina cikin kofi.

"Ya ce ranar ƙarshen wasan nan ba zan fita ba. Zai kira mahaifiyarsa da yayyensa mu zauna mu saurara tare. Ya ce shi ya gama magana, uwata ce za ta yi masa. In an gama, washegari in kai wa mai shago mabuɗinsa."

"Ke me kika ce?" in ji Tubabbiya.

"Me zan ce? In na ce wasa ne, sai ya ce to me ya sa kowa ya san ni ce. In na ce aikina ne, sai ya kunna min ke. Na gaji, Mama. Da da bakinsa yake yi da na iya da shi. Da muryarki yake dukana." Ta mai da wayar jaka. "Zan kai mabuɗin kawai in huta."

Ta tafi. Tubabbiya ta ajiye shayinta. Sannan ta miƙe ta ce, "Taso, Mai Ƙofa. Ina son shaida."

Mun sami Marubuci a ofishin manaja, sanye da sabon tabarau, yana ganin komai tar.

"Malam, 'yata ka sa a wasa."

"Ni? Haba Tubabbiya. Ƙirƙira ce. Ita kaɗai ce mai tabarau a duniya?"

"Har tabon hannunta."

"Marubuci yana ɗauka daga rayuwa. Ai girmamawa ce."

"To me za ka yi mata a ƙarshe?"

Ya ɗaga yatsa. A tasharmu akwai doka: kashin ƙarshe na kowane wasa kai tsaye ake yin sa, ba a ɗauka a ajiye, kuma ba a ba 'yan wasa takardar sai a bakin ƙofar ɗakin ɗauka, wai don kada ƙarshen ya fita. Ya fara tuna mana dokar, sai na ce, "Malam, ai ko mai gadi ya san ƙarshen. Abin da ba mu sani ba, leda zan kawo ko gwangwani."

"Yashi," in ji shi, don ya kasa riƙe daɗin abin. "Ruwan sama. Za ta dawo cikin ruwa tana laluben bango. Mai gyara wa mutane ido, amma ta kasa ganin gidanta. Kun ga hikima?"

"Na gani," in ji Tubabbiya. "Da gilashin da ta yanka maka ka rubuta ta."

Ya gyara zaman tabarau.

"Ban taɓa roƙonka komai ba, Malam. Yau ina roƙo. Ka bar ta ta warke. Ba sai ka ba ta nasara ba, ba sai ka ba ta mota ba. Ka ce ta tashi da safe ta tafi aiki ta dawo. Shi ke nan."

"Wannan ai ba labari ba ne."

"Labarina ne. Tun ina da goyo kake ganina ina zuwa aiki ina komawa. Wace mota ce ta kaɗe ni? Wane shagona ne ya ƙone? Matan da ke share ofishin nan, da mai karanta labarai, da ƙanwarka da ke koyarwa, wace ce ta makance? Kai kaɗai ne a garin nan kake kashe mu, kuma da bakina kake yi."

Manaja ya yi gyaran murya. Mutum ne mai son zaman lafiya, musamman nasa. Ya ce ya fahimce ta, shi ma uba ne. Amma masu ɗaukar nauyin wasa sun saba da irin wannan ƙarshe, kuma ba a so a ce tasha tana zuga mata. Ya ce ai wasa ne kawai, kada a mai da shi wani abu.

"Ranka ya daɗe, in wasa ne kawai, me zai ɓaci in an canja shi?" in ji Tubabbiya.

Nan ya daina zama uba. Ya ce in ta ga ba za ta iya ba, akwai yara da yawa masu neman aiki, kuma kuka ba sai an je makaranta ba.

Muka fito. A hanya na ce, "Yaya, me za ki yi?"

"Zan zo aiki," in ji ta.

Kada ka ɗauka aikin nan ba komai ba ne a wurinta. Tana son sa. Tana son warin ɗakin ɗauka, kafet ɗin da ya sha ƙafa, shirun da ke sauka in jar fitila ta kama. Ba ta da wata sana'a, ba ta da wani wurin zuwa da safe. Na san haka, manaja ya sani, shi ya sa ya faɗi abin da ya faɗa ya koma shan shayinsa.

Ranar ƙarshe da yamma muka taru. Marubuci ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙa takardu kamar mai rabon kyauta, sannan ya wuce ofishin manaja, can ƙarshen dogon baranda, inda ya saba zama da masu ɗaukar nauyi a saurara tare a yaba masa. A ɗaki sai mu uku: ni, Tubabbiya, da mai fitowa a mijinta. Injiniya yana bayan gilashi, kuma an hana shi yanke wasan kai tsaye sai da umarnin Marubuci.

Shi mai fitowa a miji, Maigida muke ce masa. Murya gare shi kamar aradu, amma mutum ne da ke neman gafarar kujera in ya yi karo da ita. A gidansa shi ke wanke kwanuka kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Aibinsa ɗaya: ba ya iya faɗin kalma guda da ba ta cikin takarda. In ka cire masa shafi, zai tsaya nan har a rufe tasha.

Tubabbiya ta karanta takardarta a tsaye. Na leƙa. An rubuta: tana lalube, ta ƙwanƙwasa, ta durƙusa, ta ce, "Ni ce, maigida, makauniyar da ta ƙi jin maganarka." Ta ninke takardar ta ajiye a kan tebur. Na ga idonta ya tsaya a kan tsohuwar lemata da ke rataye a ƙusa.

Jar fitila ta kama. Na fara zazzaga yashi. Na ƙwanƙwasa 'yar ƙofata.

"Wane ne a ƙofata cikin wannan ruwa?" in ji Maigida da muryar aradu.

"Ni ce," in ji ta, da muryarta ta neman sauran lemo. "Lemata na zo ɗauka."

Maigida ya dubi takardarsa. Ya juya bayanta. Ya dube ni. Ni kuwa ina ta ruwa. Da ya rasa yadda zai yi sai ya karanta layinsa na gaba.

"Kin dawo ke nan? Duniya ta koya miki?"

"Ta koya min in ana ruwa a ɗauki lema. Tana bayan ƙofa, miƙo min, ana jirana a shago."

"Ga shi kin rasa idonki a kan aikin banza."

"Rauni ne, an yi min magani, ya warke. Da ka zo asibiti da ka ji."

Gumi ya fara keto masa. Bayan gilashi injiniya ya miƙe tsaye, hannunsa a kan na'ura, yana kallon ƙofa.

"Tashi," in ji Maigida. "Tashi daga durƙuson nan, ƙasa da sanyi."

"A tsaye nake."

"Daina kuka."

"Wa ke kuka? Ruwa ne."

Saura masa layi ɗaya, ya kama shi da hannu biyu. "Je ki, na yafe miki."

"Me na yi maka?"

Sai yashina kawai ake ji.

"Tambayarka nake. Ka ce ka yafe min. To faɗa wa mutane abin da na yi, suna saurare. Na tashi na dafa, na share, na tafi na gyara wa tsofaffi ido su ga fuskar jikokinsu, na dawo na sake dafawa. Na yi ciwo ba ka leƙo ni ba. Wanne ne laifin a ciki? Nuna min shi in tuba, ai na iya."

Maigida ya sunkuyo wajenta, ya manta makirufo na gaban bakinsa, ya yi raɗa da muryarsa ta gaske, wadda duk mai rediyo ya ji: "Wallahi, ba ya cikin takardata."

"Na sani," in ji ta. "Bai taɓa shiga ba." Ta ɗan tsaya. "Zan dawo in na tashi daga aiki. Gidana ne ni ma. In ka ga dama ka buɗe."

Ta juyo ta dube ni. A takardata an rubuta: ƙofa ta rufe, takun mutum biyu suna shiga ciki. Na riga na jiyo gudun Marubuci a baranda. Na sauko da lema na buɗe ta a gaban makirufo, fau. Na zura hannuwana cikin takalman mata, na yi takun mutum ɗaya a kan tsakuwa, ba sauri ba sanɗa, yana nisa, yana nisa. Injiniya ya sa kiɗan rufewa daidai lokacin da Marubuci ya banko ƙofa, yana haki, tabarau ya zamo masa har kan hanci.

"Kin kashe min wasa."

"A'a, Malam," in ji ta. "Yau ce rana ta farko da ba a kashe kowa ba."

Kafin rana ta faɗi an sallame ta. Manaja bai ma kira ta ofis ba, mai gadi aka ba saƙon, ya faɗa mata yana kallon ƙasa. Ta kwashe kofinta da ɗan matashin kujera da take jingina da shi, ta tafi. Wayoyin tasha kuwa sun yi ta ringi har muka tashi. Wasu na zagi, wasu na tambaya ko za a maimaita. Manaja ya sa aka cire wayoyin daga bango.

Abin da ya faru a gidan surukinta, Mai Tabarau ce ta ba mu. Ya jera kujeru, ya ƙure sautin rediyo, ya zaunar da ita a tsakiya. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa har ya ɗaga mata gira. Da ya ji maganar lema sai ya ɗauki rediyon ya jijjiga shi, wai ko tasha ce ta gauraya. Da aka gama, mahaifiyarsa, wadda kunnenta ya ɗan yi nauyi, ta juyo ta ce, "To wai me ta yi masa ne? Ban ji wurin ba." Ɗan nata ya miƙe. Ya kashe rediyo ya fita.

Washegari Mai Tabarau ta ɗauki mabuɗi ta fita da shi. Ta buɗe shago, ta kunna inji.

Kada a zaci mijin ya sauya. Bai sauya ba. Ya yi makonni ba ya amsa gaisuwarta, kuma har yau in ta makara sai ya tsaya a bakin ƙofa yana duban agogo kamar mai gadin ma'aikata. Amma ya daina turo muryar. Abokansa ne suka hana shi sakat: duk inda ya zauna sai wani ya tambaye shi ko ya miƙa lemar. Ita kuma ta ce min abin da ya riƙe ta ba maganganun ba ne. Ta ce tun tana ƙarama take jin uwarta na kuka a rediyo, ranar ce ta fara jin ta tana magana yadda take yi a gida.

Tasha kuwa mako na zagayowa ta ba da sanarwar cewa an sami matsalar na'ura a kashin ƙarshe, ga gyararren. Aka kawo wata yarinya ta durƙusa ta tuba. Kukanta kamar na akuyar da aka ɗaure a rana, amma Marubuci ya ce za ta koya. Har an fara ce mata Tubabbiya Ƙarama. An kuma soke yin ƙarshe kai tsaye. Yanzu ɗauka ake yi a saurara a tace, don kada wata ta sake tsayawa ba da izini ba. Ni an ba ni gargaɗi, an ɗauke min lema, tsuntsaye yanzu da tawul nake yin su. Duk takardar da aka ba ni kuma sai an ja layi an rubuta: takun shiga, ba na fita ba.

Tubabbiya tana gida. Ta nemi aiki a wasu wurare, duk inda ta je sun san muryar, sun kuma ji labarin, sai su ce za su neme ta. Wani lokaci takan je shagon 'yarta ta zauna a kujerar masu jira, tana goge firam da ɗan ƙyalle don hannunta ya sami abin yi. In ta yi magana mata sukan juyo, su ce don Allah ta faɗi maganar lema sau ɗaya. Ba ta faɗa. Ta ce ita ba abin kallo ba ce.

Na same ta can kwanan baya. Na ce, "Yaya, kina kewar mu?"

"Kullum," in ji ta. Ta hura wa gilashi iska ta goge. "Abin da ke ci na, Mai Ƙofa, na yi rabin rayuwata a durƙushe, ba wanda ya taɓa cewa na ɓata wasa. Sau ɗaya na tsaya."

Daga ciki inji ya yi shiru, 'yarta ta leƙo da gilashi a hannu tana ɗaga shi ga haske.

"Mama, kira min mai bi."

Tubabbiya ta juya ga masu jira ta ce, "Baba, kai ne. Shiga a hankali, akwai tudu a bakin ƙofa."